Tawadar Allah

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa
a matanite ta Sabon Gari.
Hannuna kan riga idon uwa sanin ɗanta.
Kafin kuka ya daidaita, kafin a kawo zane,
nakan juya jinjiri kamar mai taya ƙwarya,
in duba inda alƙalami ya ɗiga.

Wani yakan zo da shuɗi a gindin baya,
sai ka ce ya zauna a bakin marina.
Kakar ɗan Kuluwa ta harare ni:
"Wa ya mintsine shi?"
Na ce, Inna, ba hannun kowa.
Launi ne ya ya da zango can ƙasan fata,
bai ƙarasa hawowa ba.
Kafin yaro ya shiga lakwal zai gushe.
Ya kuwa gushe.
Yau yana kabu-kabu a Bagalam,
bai san ya taɓa yin shuɗi ba.

Wata da ɗan ja a goshi,
kamar tumatirin Jiratawa tun yana ƙarami.
Wata shida yana tasawa, uwar ta bar barci.
Jijiyoyin jini ne suka yi cincirindo wuri guda
kamar mata a bakin famfo ranar da ruwa ya dawo,
su ma in an jima sukan watse.
Na ce kar a tsaga, kar a ɗora toka.
In ya nufi ido ko leɓe, a ruga wurin likita.

Akwai mai kalar shayi da madara,
kwance lumui, ba ƙaiƙayi, ba zogi.
Ɗaya ko biyu nakan wuce;
in sun yawaita sai in ƙirga, in sa a karne.
Akwai baƙi wuluk mai ƴan gashi.
Akwai kuma wanda ke cin rabin fuska
kamar an kifar da kofin zoɓo.
Shi ba baƙo ba ne.
Tare da mai shi za su yi furfura.

Irinsa Tsahara ta haifa.
Cikin dare ta kamo bakin zanena:
"Ina da wata bakwai na yi kwaɗayin zoɓo,
ban samu ba, na sosa kumatu.
Kuma daren da wata ya yi zazzaɓi
na fito tsakar gida ba kallabi.
Ni ce, ko?"
Na ce, ɗiyata, da kwaɗayi yana zane
da rabin Maraɗi da kilishi a goshi suke yawo.
Ta yi dariya, hawaye na shiga bakinta.
Ba ke ba ce. Ba wata ba ne, ba bakin maƙwabta.
Tun tana tsoka aka yi ɗigon,
ba a nemi shawarar kowa ba.

Yarinyar yanzu malama ce a unguwar Zariya.
Na gan ta ran Juma'a tana cinikin albasa,
ba ta ja mayafi ta wannan gefen ba.

Ni ma ina da tawa,
tsakanin kafaɗu, inda ido ba ya zuwa.
Na gwada madubi biyu, wuya ta ƙage, ban gani ba.
Lawali ne ke karanta mini.
Yau ya ce tafkin Madarunfa ne da bazara,
gobe ya ce a'a, sawun akuya ne a laka,
ya sa ɗan yatsa ya zagaye bakinta
a hankali, kamar mai koyon baƙi.

Damina huɗu ke nan da aka kai shi.
Tawada tana nan, na sani,
nakan ji wurin in na jingina da bango.
Allon bai wanku ba.
Mai karatun ne babu.